Ƙafar Aro: Lacca Kan Tseren Gudu da Keke

 

A takardar gayyatar da aka aiko mini an rubuta cewa in zo in yi bayani a kan "wasan da kake yi". Na lura marubucin bai kama sunan wasan ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mahaifiyata ma, Allah ya ƙara mata lafiya, har yau in aka tambaye ta sai ta ce, "Yana dai gudu, ya hau keke, ya sauka ya sake gudu, kamar wanda aka biyo." To, ta faɗe shi tsaf. Sunansa duwatalon, kuma zango uku ne a jere ba hutu a tsakani: gudu, keke, gudu. Agogo ba ya tsayawa tun daga busa usur har ka tsallake layin ƙarshe, ko da kana tsugune kana canza takalmi.

Tseren da aka fi sani shi ne gudun kilomita 10, keke kilomita 40, sannan gudun kilomita 5. Akwai gajere, rabin wannan daidai: 5, 20, da 2.5. Akwai kuma na masu taurin rai, wanda ake yi a garin Zofingen na ƙasar Suwizalan tun 1989, ana ce masa Powerman: gudun kilomita 10, keke 150 cikin tuddai, sannan a ce maka bismilla, saura gudun kilomita 30. Gwanayen maza ma sai sun haura awa shida kafin su gama.

Wasan ƙane ne ga tirayatalon, wanda ake farawa da iyo. Shi yayan ya samu shiga gasar Olamfik a Sidni a shekarar 2000, ƙanen kuwa har yau yana bakin ƙofa. Hukuma ɗaya ke riƙe da su duka, wadda aka kafa a Faransa a 1989, yanzu ake kira World Triathlon, kuma a 1990 ta shirya gasar duwatalon ta duniya karo na farko a Kalifoniya ta Amurka. Tarihin ya isa haka. Abin da ya kawo ni shi ne wancan zangon na uku, gudu na biyu, domin duk wanda ya taɓa shiga wasan nan zai gaya muku cewa a nan ake tonon asiri.

Bari in fara da kaina, tunda ba a jin kunyar ba da labarin faɗuwar da aka tashi daga ita. Tserena na farko na yi shi ne ina karatu a Turai, a wani ƙaramin gari, da safiya mai sanyin da har yatsu ba sa jin igiyar takalmi. A lokacin ina ji da kaina a gudu. Kilomita 10 nakan yi ta cikin minti 38 idan na ƙure. Da aka busa usur sai na ƙure ɗin. Na shigo wurin ajiye kekuna cikin na gaba-gaba, ina waige ina jin daɗi. A kan keke na fara ganin ana wuce ni ɗaya bayan ɗaya, amma na ce ba komai, mu haɗu a ƙasa. Da na sauka na taka ƙasa sai na ji kamar an cire ƙafafuna an ba ni na wani. Cinya ta yi nauyi kamar an ɗaura mini turmi, sha-raɓa ta ɗaure, ƙwaƙwalwa tana cewa a tafi, ƙafa tana cewa ba da ni ba. Kilomita biyar ɗin nan, da nakan sha cikin minti 18, sai da ta ci mini 27, har da tafiya a ciki. Wani dattijo mai furfura, wanda na bari a baya tun kilomita ta farko, ya zo ya wuce ni a hankali, ya ɗan dafa kafaɗata. Wannan dafawar ta fi duk wata lacca da aka taɓa yi mini shiga jiki.

Me ya faru da ƙafar? Gudu da tuƙa keke tsoka ɗaya suke amfani da ita, amma kowanne da irin aikin da yake sa ta. A kan keke tsokar cinya tana tsukewa ne tana tura feda, jiki a zaune, sirdi ya ɗauke nauyi, babu dukan ƙasa. A gudu kuwa kowane taku duka ne. Nauyin da ke sauka a ƙafa yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, kuma tsokar tana tare wannan nauyin ne alhali tana miƙewa, kamar igiyar guga da ake zarewa da tulu cike a ƙarshenta. Irin wannan aikin shi ke yi wa zaren tsoka ƙananan yagewa. Ɗan tirayatalon yana hawa keke da ƙafar da ruwa ya ɗauke wa nauyi. Ɗan duwatalon yana hawa da ƙafar da ta riga ta sha duka sau dubbai. Shi ya sa za ka ji waɗanda suka yi duka biyun suna cewa na rashin iyon ya fi cin jiki, kuma ni ma a nan nake.

Sannan ga awa guda a duƙe a kan keke. Ƙugu a lanƙwashe, baya a sunkuye, ƙafa tana zagaye sau 90 a minti, jiki ya saba da da'ira. Rana tsaka ka ce masa ya miƙe tsaye ya koma taku. Dole ya yi gardama, kuma gardamar takan ɗauki kilomita guda kafin ya sauko.

Saboda haka gudun farko bashi ne. Duk daƙiƙar da ka ƙwata a cikinsa fiye da ƙarfinka za ka biya ta, da riba mai tsanani, a gudu na biyu. Da na yi gudun farkon nan cikin minti 40 maimakon 38, da minti biyu kawai na bayar, da kuma wataƙila na tsira da bakwai a ƙarshe. Lissafin mai sauƙi ne a nan cikin ɗaki, muna zaune ƙarƙashin fanka. A fili kuwa, lokacin da jini ya ɗau zafi, jama'a na tafi, wani da ka raina ya wuce ka, riƙe kai ya fi sakin ƙafa wuya nesa ba kusa ba. Abin da nake gaya wa yaran da nake horarwa shi ne: in ka shigo daga gudun farko ba ka iya furta jimla guda, ka riga ka ci kuɗin mutane.

Akwai togaciya guda. A gasar ƙwararru ta gajere da matsakaicin zango an yarda mai keke ya laɓe a bayan wani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan keke ya kai gudun kilomita 40 a awa, fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin mahayi iska ce ke cinye shi, kuma wanda ya manne a bayan tayar wani yana tsira da kusan kashi 30 na wahalar. A irin wannan tseren, wanda bai fita tare da ayarin farko ba ya shiga uku, domin shi kaɗai zai yi ta kokawa da iska su kuwa suna karɓa-karɓa. Shi ya sa za ka ga ƙwararru sun yi kilomita 10 ta farko cikin kusan minti 30, kamar ba sauran aiki a gabansu. Su ma bashin suke ci, amma sun san wanda zai taya su biya. Mu 'yan rukunin shekaru, da ake kasa mu biyar-biyar, 30 zuwa 34, 35 zuwa 39, haka har tsofaffi, a yawancin gasanninmu laɓewa haramun ce. Sai ka bar tazarar mita 10 ko 12, gwargwadon dokar gasar, tsakaninka da na gaba, in ba haka ba alƙali ya zo a kan babur ya ɗaga maka kati. Kowa da iskarsa.

Yanzu horo. Tambayar da aka fi yi mini ita ce awa nawa nake yi a mako. Amsa: tsakanin takwas da sha biyu, a gefen aikin ofis da iyali. Amma yawan awannin bai kai yadda ake raba su muhimmanci ba. Wani masanin aikin jiki, Stephen Seiler, Ba'amurke da ke koyarwa a Norwe, ya bi diddigin yadda manyan 'yan tseren dogon zango suke atisaye, masu gudu da masu keke da masu tuƙa kwale-kwale, ya tarar kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a sannu suke yinsa, kashi 20 kaɗai ne mai zafi. A sannu ɗin nan ina nufin saurin da za ka iya hira da abokin tafiyarka ba tare da haki ya katse ka ba. Matasanmu sun ƙi jinin wannan magana. Yaro ya fito da asuba, in bai dawo yana neman faɗuwa ba gani yake ya yi asarar fitowa. Sai ya zama kullum yana tsaka-tsaki: bai yi sannun da za ta gina masa zuciya da ƙananan hanyoyin jini ba, bai kuma huta isasshe ba balle ya iya zafin gaske ranar da ake bukatarsa. Wata uku sai ƙwauri ya fara ciwo, ko agara, ko gwiwa.

Makona yakan kasance haka, a taƙaice. Gudu sau huɗu, ɗaya mai tsawo, ɗaya na zafi a filin wasa, misali mita 1,000 sau shida da ɗan hutu a tsakani. Keke sau uku, ɗaya ya kai awa uku. Rana guda ba na taɓa komai. Alherin keke ga mai gudu shi ne yana ba zuciya aiki na awanni ba tare da ya daki gaɓoɓi ba, don haka duk wanda ƙafarsa ke yawan ciwo, ya rage gudu ya ƙara feda.

Atisaye ɗaya ne namu na kanmu, wanda ɗan gudu zalla ko ɗan keke zalla ba ya yi. Turawa suna kiransa bulo, ina jin don ana ɗora ɗaya a kan ɗaya ne kamar gini, ko don yadda ƙafa ke zama. Ka yi keke awa ɗaya da ƙarfi, ka sauka, cikin minti guda ka sa takalmi ka fita gudu, ko da na minti 15 ne. Wani lokaci nakan yi gajere-gajere: gudun kilomita 2, keke 8, a maimaita sau uku. Nauyin nan ba ya ɓacewa, kada wani ya ruɗe ku. Abin da ke canzawa shi ne ka san shi, ka san zai sake ka bayan 'yan mintuna, ka daina firgita. Ka koyi gajarta taku ka yawaita shi maimakon ka riƙa miƙa ƙafa. Ka koyi sassauta giya a kilomita ta ƙarshe ta keke don ƙafa ta juya da sauƙi, ka miƙe tsaye a kan feda ka ware ƙugu kafin ka sauka. Sau ɗaya a mako ya wadatar.

Sai zangon canji, wurin da ake rataye kekuna a jere, kowa da lambarsa. Sau biyu ake shigarsa, kuma a nan mutane ke zubar da lokacin da suka yi wata shida suna nema. Ƙwararre yakan shiga ya fita cikin ƙasa da minti guda. Igiyar takalminsa ta roba ce, ba ɗauri. Takalmin keke tuni ya maƙala shi a feda, ya riƙe shi da siririyar roba don kada ya ja ƙasa, yana gudu ba takalmi ya tura keken har layin hawa, ya ɗare, sai ya yi nisa sannan ya zura ƙafa. Doka ɗaya ce ba a sassauta wa kowa: sai ka ɗaure hular kwano kafin ka sauke keke daga marataya, kuma ba ka kwance ta sai ka mayar da shi. Na taɓa kwance tawa taku uku kafin marataya, alƙaliya ta tsayar da ni sai da na sake ɗaurawa, wanda muke kai da kai ya tafi abinsa. Haka kuma ka ƙidaya layin da kekenka yake tun da safe. Na ga babban mutum, injiniya, yana zagaye tsakanin kekuna ɗari uku yana neman nasa kamar wanda ya ɓatar da akuya a kasuwa.

Abinci. Jiki yana ajiye sikarin aiki a tsoka da hanta, kimanin giram 500 ga namiji matsakaici, kuma a aiki mai ƙarfi wannan rumbun ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A gajeren tsere ba damuwa. A matsakaici da dogo kuwa dole ka ci a hanya, kuma a kan keke ake ci, domin a gudu ciki yana girgiza ba ya karɓa. Ma'aunin da aka saba shi ne giram 60 na sitaci ko sikari a awa, masu dogon zango su kai 90. Ayaba matsakaiciya ɗaya tana da kusan 25. Ba sai ka sayi ƙunshin zuma-zuman nan masu tsada da ake shigowa da su ba. Dabino da aka cire wa ƙwallo, ayaba, ruwa da ɗan sikari da gishiri, duk suna aiki. Sharaɗin kawai shi ne ka gwada su a atisaye tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ƙasarmu kuwa babban abokin karawarku zafi ne. A bazara mai gudu yakan zubar da lita ɗaya zuwa biyu ta zufa a awa. Ku auna kanku kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo da ya ragu kusan lita guda ce. In raguwar ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinku, ƙarfi ya fara tafiya. Amma kada a ɗauka maganin shi ne a yi ta ɗura ruwa. Wanda ya sha ruwa zalla fiye da abin da ya zubar, gishirin jininsa yana tsinkewa, kuma mutane sun mutu ta haka a tseren dogon zango. Wani abin daɗi, jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14: ruwan jini ya ƙaru, zufa ta riƙa fitowa da wuri, gishirin cikinta ya ragu. Baturen da zai yi gasa a ƙasa mai zafi har ɗakin tururi yake shiga don neman abin da ku kuke samu kyauta. A lokacin hunturu, ranar da hazo ya yi kauri, ni ba na yin atisayen zafi, ƙirji ba ya yafewa. A watan azumi kuma nakan rage komai, in yi ɗan abin da zan yi gab da shan ruwa ko bayan tarawihi, in ɗauki watan a matsayin na riƙe abin da ke hannu. Waɗanda ke kusa da Jos, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200, suna da sanyi da hawa a wuri guda, kuma ba banza ba yawancin 'yan gudun dogon zango na Najeriya daga Filato suke fitowa.

Na ga wani a baya yana murmushi, na san abin da ke ransa: kuɗin keke. Gaskiya ne, akwai keken tsere da ya fi motar da na zo da ita tsada. Amma tunda iska ce babbar abokiyar gaba, kuma jikin mahayi ne ya fi tare ta fiye da keken, yadda ka duƙa da rigar da ba ta kaɗawa sun fi firam mai tsada amfani. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Keken gwanjo da ya dace da tsayinka, sarƙa mai tsabta, taya mai iska daidai, birki mai kamawa, ka iya faci da hannunka, ka fara da wannan.

Ga 'yan'uwana mata da ke gefen nan, ina so ku riƙe suna ɗaya: Emma Pooley, 'yar Ingila, ƙaramar mace ce a jiki. Ta ci azurfa a tseren keke a Olamfik ta Beijin a 2008, ta zama zakarar duniya a 2010, sannan ta koma duwatalon ta lashe gasar duniya ta dogon zango a Zofingen sau huɗu a jere, daga 2014 zuwa 2017, lokacin ta haura shekara talatin. Kuma tana da digirin digirgir a fannin injiniya. Wanda ya ce wasa ke hana karatu, ga amsarsa. Wani tsohon zakaran Zofingen ɗin, Olivier Bernhard, shi ne ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin takalmin gudu na On a 2010.

Suna na uku ba na ambatonsa sai jikina ya yi sanyi. Benny Vansteelant, ɗan Beljiyam, a zamaninsa babu kamarsa a wasan nan, gajeren zango da dogo duk nasa ne. A watan Satumba na 2007 yana atisaye a kan keke mota ta buge shi, bayan 'yan kwanaki ya rasu a asibiti yana da shekara 30. Wannan a ƙasar da keke ke da daraja ke nan, da hanyoyi masu kyau. Ku kwatanta da namu titunan, da tirela da a-daidaita-sahu da ramuka. Don Allah ku fita rukuni, ku sa riga mai haske, ku sa fitila gaba da baya in da duhu, ku zaɓi hanyar da kuka sani, ku bar toshe kunne da waƙa. Kai da ba hular kwano ba ya hawa keke a ayarina, ko ɗan wane ne.

Ranar Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, bayan sallar asuba, zan kasance a bakin filin wasanku. Za mu yi ɗan gwaji: gudun kilomita 2, keke 10, gudun kilomita 1. Kowane irin keke ya halatta, har na zuwa gona, in dai birkinsa na kamawa. Ina so kowa ya ji ƙafar aron nan a jikinsa sau ɗaya, sai mu zauna a inuwa mu yi maganarta. Wanda ba shi da hular kwano ya same ni kafin a watse, ina da guda uku na aro.

 Ga makirufo ga masu tambaya.